A KARANTA KAFIN A YI FOMATIN: DARASIN DA HANNUN GEM ƊIN ƊANA YA KOYA MINI

Na san da yawa daga cikinku ci gaban labarinmu kuka zo nema, to ku yi mini afuwa, yau wata magana ce daban ta kawo ni, kuma idan kun yi haƙuri kun kai ƙarshenta za ku ga cewa saura ƙiris da ci gaban labarin ma ku rasa shi gaba ɗaya, duk a dalilin wani ɗan abin wasan yara da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya ce tal a gidanmu. Da dare ni nake rubutu da ita, ranar Asabar da Lahadi kuwa na yarje wa ɗan autana ya buga ƙwallonsa a kai, sharaɗin kawai shi ne ya gama aikin makaranta tukuna. Kwanakin baya sai ya tara kuɗin tararsa ya sayo hannun gem, irin tagwayen nan 'yan Cana masu waya ɗaya da ake soka wa a ramin USB. Ya dawo yana murna kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Da ya jona, 'yan wasa suna gudu amma maɓallan duk sun rikice, inda zai ba da fasin sai ɗan wasa ya ɗaɗa shot, sandar dama kuwa ko motsi ba ta yi. Wani abokinsa ya ce masa ai maganin wannan wata 'yar manhaja ce mai suna x360ce, ya zubo masa ita a filashi daga tasa kwamfutar. Yaro ya juye a cikin foldar wasan. Daga nan wasan ya ƙi buɗewa sam, sai wani ɗan akwati ya riƙa fitowa da rubutun Turanci da wata lamba, 0xc000007b.

Maimakon ya zo ya gaya mini, sai ya shiga intanet da kansa neman magani. Ya faɗa wani shafi mai manyan korayen maɓallai har guda huɗu, kowanne yana cewa ni ne na saukewa, ya danna wanda ya fi girma. Kafin dare kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya, tallace-tallace na ɓullowa ta ko'ina kamar ƙwari a damina. Ni kuwa a cikinta akwai littafin da na shafe fiye da shekara ina bugawa, kuma, abin kunya, ban taɓa ajiye kwafinsa a wani wuri ba.

Washegari na ɗauke ta sai kasuwa wurin wani mai gyara. Ya kunna, akwatin nan ya fito, ko kallon rubutun bai yi ba ya danna ya kawar. Ya ce, "Hajiya, bairos ne ya cinye ta, sai dai a yi fomatin." Na ce, "To Malam, rubuce-rubucena fa?" Ya ce, "Za a duba, wanda ya tsira ya tsira." Wallahi sai da na ji cikina ya juya. Na ce ya ba ni kayata, na sayi filashi sabo a shagon kusa da shi, na tsaya a kansa har ya kwashe mini takarduna, na biya shi ladan wannan, na yi gaba.

Abin da ya tsaya mini a rai har na iso gida shi ne yadda ya kawar da akwatin nan bai karanta ba. Kwamfuta tana faɗar abin da ke damunta, shi kuma wanda aka kai wa ita ya toshe mata baki. Kamar ka kai mara lafiya asibiti ne ya buɗe baki zai ce ga inda ke masa ciwo, likita ya ce ya yi shiru, a wuce da shi ɗakin tiyata. A nan ne na ɗaura ɗamarar cewa da ɗan Turancina na sakandare da ƙamus ɗina, sai na gane kan wannan abu ko da zai ɗauke ni mako guda. Dare uku ya ɗauke mu, ni da yaron. Ga abin da na fahimta, kuma zan faɗe shi yadda na gane shi, domin na tabbata akwai gidaje da yawa da wannan rigima ta shiga.

Ashe hannun gem da kwamfuta suna da yare ne. Akwai tsohon yare da kamfanin Microsoft ya fitar tun shekarun 1990 mai suna DirectInput, shi ne yawancin hannayen nan masu araha suke ji. Da kamfanin ya fito da na'urar wasansa Xbox 360 a shekarar 2005, sai ya zo da sabon yare mai suna XInput, wanda a cikinsa kowane maɓalli yana da sanannen mazauni. Masu ƙera wasanni suka ga wannan ya fi musu sauƙi, suka raja'a a kansa, wasu ma suka daina kula tsohon yaren kwata-kwata. To shi ya sa hannu mai araha yake zama kamar Bafulatanin daji a kasuwar Legas, yana magana amma ba a gane me yake nufi. Ita x360ce tafinta ce. Tana karɓar maganar hannunka ta juya ta, har wasan ya ɗauka cewa hannun Xbox 360 na ainihi aka jona masa. Kuma ba wani kamfani ne ya yi ta ba, wasu masu sha'awar wasa ne suka zauna suka rubuta ta, suka sake ta kyauta, har asalin rubutun manhajar suka baje a shafin GitHub ga duk mai son dubawa.

Matakin farko da muka koya bai ma shafi manhajar ba. Kafin ka zargi kowa, ka tabbatar ita kanta Windows ta ga hannun. Ana danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta joy.cpl, sai jerin hannayen da ke jone ya fito, ka shiga ka danna kowane maɓalli ka ga ko yana amsawa. Idan bai amsa a nan ba, matsalar waya ce ko rami ko hannun kansa, babu manhajar da za ta tashi matacce. A nan muka gano abu na farko mai ban dariya: akwai wani ɗan maɓalli a tsakiyar hannun da aka rubuta wa Analog, idan jar fitilarsa ba ta kama ba, sandunan ba sa aiki yadda ya kamata. Rabin kukan yaron a kan sandar dama, wannan fitilar ce.

Na biyu shi ne asirin lambar nan 0xc000007b. Wasannin kwamfuta iri biyu ne, akwai masu bit 32 akwai masu bit 64, ita ma x360ce ta uku haka take da kwafi biyu. Abin lura shi ne da wasan ake dacewa da ita, ba da kwamfutar ba, domin kwamfuta mai bit 64 tana iya ɗaukar wasa mai bit 32. Abokin ɗana FIFA 14 yake bugawa, wadda take bit 32, mu kuwa tamu ta bayan nan ce, kuma tun daga FIFA 15 wasan ya koma bit 64. Fayilolin da aka zubo masa na wancan ne, ya cusa su a wannan. Da wasan ya tashi ya laluba ya ɗauko fayil ɗin da ba jinsinsa ba, sai ya tsaya cak ya fitar da wannan lamba. Muna goge fayilolin da aka juye, wasan ya buɗe lafiya lau. Ka ji abin da aka so a yi wa fomatin.

Na uku, wannan tafinta ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai, tana jingina ne da wasu kayan aiki na Microsoft. Masu ita sun rubuta su ɓaro-ɓaro a shafinsu: akwai .NET Framework, akwai DirectX na watan Yunin 2010, akwai kuma Visual C++ na 2013, wanda a kwamfuta mai bit 64 ake so a saka nau'ikansa biyun duka. Idan ka ga akwati ya fito yana cewa ba a ga MSVCP120.dll ko MSVCR120.dll ba, to wannan na ƙarshen ne babu. A daidai nan ne yara da yawa suke faɗawa rami irin wanda ɗana ya faɗa, domin suna rubuta sunan fayil ɗin a intanet sai shafukan 'yan damfara su yi musu caa, kowa na cewa zo ka karɓa a wurina. Kada a karɓi fayil ɗaya tilo daga hannun kowa. A je shafin Microsoft a sauke kunshin gaba ɗaya, kyauta ne, kuma shi zai ajiye kowane fayil a mazauninsa.

Na huɗu, wurin ajiya. Ita ta ukun sai an saka ta a cikin ainihin foldar da fayil ɗin da ke tayar da wasan yake, ba a fuskar kwamfuta inda alamar wasan take ba. Idan aka buɗe ta a can za ta nemi izinin ƙirƙirar fayiloli biyu, xinput1_3.dll da x360ce.ini, a amsa mata. Idan ta ƙi, galibi don foldar tana cikin wurin da Windows ke tsaro ne, sai a buɗe ta da ikon mai gida, wato a danna dama a zaɓi buɗewa a matsayin administireta. Daga nan a danna Auto ta jera maɓallan, wanda bai zauna daidai ba a gyara shi da hannu, a adana, a rufe ta, sannan a tayar da wasan. Idan an ji 'yar ƙara ƙit lokacin tashinsa, to wasan ya ɗauki tafintar. Idan ba a ji ba, wataƙila shi wasan wani suna yake nema, domin wasu xinput1_4.dll suke kira, wasu xinput9_1_0.dll, sai a sauya wa fayil ɗin suna zuwa wanda ake nema.

Akwai kuma ta huɗu da ta fito daga baya, wadda aikinta ya sha bamban. Ita ba a zuba ta a foldar wasa. Tana amfani da wani direba mai suna ViGEmBus ta ƙirƙiri hannu na boge a cikin Windows kanta, don haka dole a bar ta a buɗe a ƙasa muddin ana wasa. Nata ciwon kan shi ne wani lokaci wasan yakan ga hannu biyu, na gaske da na boge, ka danna sau ɗaya ya lissafa biyu, ko ka ga kana tuƙa ƙungiyoyi biyu a lokaci guda. Maganinsa wata manhajar ce mai suna HidHide da ke ɓoye na gasken. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ta ukun da ta huɗun a kwamfuta ɗaya, ga tsoffin fayiloli a folda ga sabuwa a buɗe, tafinta biyu suna fassara magana ɗaya. A zaɓi ɗaya a kawar da ɗayar.

Bairos ɗin kuwa da aka ce ya cinye kwamfuta, ashe tarkacen talla ne guda biyu da suka maƙale. Muka shiga jerin manhajojin da aka saka, muka duba waɗanda kwanan watansu ya yi daidai da ranar da abin ya faru, muka cire su, muka sa mai gadin da ke zuwa tare da Windows ya bincike ta tas. Shi ke nan. Ba na cewa kowane bairos haka yake da sauƙi, akwai wanda idan ya shiga babu makawa sai an wanke komai. Amma ai sai an duba kafin a yanke hukunci.

To yanzu bari in faɗi ra'ayina, wanda shi ne dalilin wannan dogon zance.

Ni a ganina babbar cutar da ke damun mu da na'urorin nan ita ce tsoron rubutu. Da zarar akwati ya fito da Turanci sai hannu ya riga ido, a danna a kawar, sannan a ce "ta ƙi yi." Me ta ce? Ba a sani ba. Alhali kuwa a cikin wannan ɗan layin ne maganin yake. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to ita kwamfuta ma ba ta jira an tambaye ta, da kanta take faɗa, mu ne ba ma saurare. Ko mutum ba ya jin Turanci, ai zai iya ɗaukar hoton akwatin da waya ya nuna wa wanda ya iya, ko ya kwafe lambar a takarda. Wannan kaɗai ya raba shi da rabin wahala.

Ba kuma ina zagin masu gyara ba ne. Na san halin da suke ciki: mutum goma na tsaye a kansa, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, kuma wanda ya kawo gyaran ba zai biya kuɗin awa uku na bincike ba. Fomatin minti arba'in ne, kuɗinsa sananne ne, kwamfuta kuma ta fito tana sheƙi. Ta fuskar kasuwa dabararsa daidai ce. Sai dai asarar ba a kansa take faɗawa ba. Hotunan biki, takardun makaranta, lissafin shago, littafin shekara guda, duk na mai kaya ne. Don haka mai kaya ne ya kamata ya buɗe baki ya ce a kwashe masa kayansa tukuna, kuma a gaya masa abin da aka gani kafin a goge. Mu ma masu kai gyara sai mun yarda mu biya ladan bincike, in ba haka ba kullum gajeriyar hanya za a bi da mu.

Abu na gaba shi ne yadda muke ɗaukar kayan kyauta. Na ji yaron nan da abokansa suna tsine wa x360ce, wai shirme ce, wai ɓata kwamfuta take yi. Na ce musu, ku da kuka biya nawa? Mutanen da suka yi ta ba su san ku ba, ba ku taɓa ba su ko sisi ba, sun sadaukar da dararensu don yaron da ba shi da kuɗin hannun Xbox na asali ya samu ya yi wasa kamar kowa. Sun kuma rubuta bayanin yadda ake sakawa, ku ne ba ku karanta ba, kuka karɓi kwafi daga filashin da ya zaga unguwa. Wanda aka ba shi doki kyauta ya hau ta baya ya faɗo, ai ba mai dokin zai zaga ba.

Amma fa wannan kyautar tana da nata rauni, kuma gara a san shi. Abin da mutum ya yi don sha'awa, ranar da ya gaji ko wani abu ya sha gabansa, ya tsaya ke nan, babu ofishin da za ka kai ƙara. Shi kansa direban ViGEmBus da na ambata, mai shi da aka fi sani da Nefarius ya sanar da daina kula da shi a shekarar 2023, bayan wata taƙaddama da wani kamfani a kan sunan. Wanda ya riga ya sauke yana iya ci gaba da amfani da shi, amma kada ya sa ran sabon gyara. Haka kuma wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet, da yawansu suna da masu gadi da ke farautar magudi, kuma baƙon fayil a cikin foldar wasa yana iya sa su hana shi tashi ko su rufe wa mutum asusu. Ga wanda yake sayen wasanninsa ta Steam kuwa, ita kanta tana da wurin saita irin waɗannan hannaye, wataƙila ma ba ya buƙatar wata tafinta. Sanin iyakar abu yana cikin iya amfani da shi.

Na san akwai mai cewa, ke kuwa da girmanki, uwa guda, kin ɓata dare uku a kan gem? Da ba sai ki hana shi ba ki huta? Wata ƙawata ma cewa ta yi in sayo masa na asali a wuce wurin. Na biyun amsarsa a aljihu take, wanda ya san farashin buhun shinkafa a yau ba zai yi mini wannan tambayar ba. Na farkon kuwa, na yi tunaninsa sosai. Idan na hana shi a gida, gidan gem na bakin titi yana nan, can kuma ban san da wa zai zauna ba, ban san me zai ji ba. Gara yana gabana ina ganinsa, da lokacinsa a ƙayyade. Sannan abin da ya samu a dararen nan uku ya fi ƙwallon daraja. Yaron da a da ko sunan fayil bai sani ba, yanzu ya san bambancin bit 32 da 64, ya san ba kowane koren maɓalli ake dannawa ba, ya san idan abu ya lalace ana canza abu ɗaya ne a gwada kafin a taɓa na biyu. A dare na uku da ƙarar nan ta yi ƙit, sandar dama ta motsa, ya dube ni ya ce, "Umma, ashe ke ma kin iya." Na ce, "Ban iya ba Auta, karantawa na yi."

Abin da ya rage mini takaici shi ne duk wannan bayani da Turanci muka same shi, muna yi muna buɗa ƙamus. Samarinmu da suka ƙware a harkar nan suna da yawa, a kowace kasuwar waya akwai su, amma ilimin yana kansu, ba sa rubutawa. Ina roƙonku, wanda ya san yadda ake warware wata matsala ya zauna ya rubuta ta da Hausa mai sauƙi, ko shafi ɗaya ne, ya faɗi abin da akwatin ya ce da abin da ya yi har ta warware. Wanda ya zo bayansa ba zai sake faɗawa ramin ba.

Ku kuma 'yan uwana masu ajiye aikinsu a kwamfuta, musamman wadda yara ke taɓawa, kada ku yi irin sakacina. Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, ku kwafe abin da ba za ku iya jure rasawa ba zuwa filashi, ku kuma tura wa kanku kwafi ta imel. Ni yanzu duk daren Juma'a nake yin nawa, kafin Asabar ta zo Auta ya karɓi kwamfuta.

Littafinmu yana nan lafiya, babu shafin da ya ɓata. Mako mai zuwa idan Allah ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya.